Daga Karkarar Kano Zuwa Duniyar Wata: Tarihin Kamfanoni a Harkar Sararin Samaniya

Gabatarwa

Ranar Talata, 20 ga watan Fabrairu, 1962, ana cikin azumin Ramadan, da wajen la'asar, wani kumbo ɗauke da mutum guda ya ratsa ta saman ƙasar Hausa. Mutumin shi ne John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Da ya leƙa ta taga sai ya hangi ƙura ta turnuƙe ƙasa. Ya shaida wa ma'aikatan wata tashar wayar iska da ke bayan birnin Kano abin da yake gani, su kuwa suka amsa masa da cewa ai an yi kwanaki iska tana kaɗawa da ƙarfi. Ƙurar nan ita ce dai hazon hunturu wanda manoman Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa suka saba da shi, lokacin da suke koro jakuna ɗauke da mangalolin taki zuwa gonaki.

Makasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda kamfanoni masu zaman kansu suka shiga harkar sararin samaniya, tun daga wancan zamani har zuwa 'yan shekarun nan da suka fara sauke kumbunansu a duniyar wata, a kuma duba irin rabon da ƙasashen Afirka suka samu a kowane mataki. Za a auna wannan rabo da ma'aunin da manomin karkarar Kano ya daɗe yana amfani da shi.

Ma'aunin manomi

Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, musamman ta arewa zuwa Bichi da Ɗambatta, suna cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna cewa gonakinsa ba sa samun hutu, kowace shekara ana noma su, amma ba su mutu ba. Dalili kuwa shi ne taki. A nan babu taƙin ƙasa ko da ɗaya da ba shi da mai shi, kuma kowace hanyar riƙe gona tana da sunanta: gado, saye, aro, haya, jingina.

Akwai kuma wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi. In an kwashe amfanin gona, manomi yakan bar Bafillatani ya sauka a gonarsa da rani. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a wurin, su bar kashinsu. Baƙo ya tashi da dabbobinsa a ƙoshe, mai gona kuma ya sami dawa mai kyau da damina. Watau dai manomi ba ya damuwa da tashin baƙo, domin ya san baƙo raɓa ne. Abin da yake dubawa shi ne me baƙon ya bari a gona. A harkar kimiyya, takin da baƙo zai bari shi ne ilmi da ƙwarewa.

Mataki na farko: kamfani a matsayin ɗan kwangila

A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Amurka ta mai da martani da kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASA, a 1958, ta kuma fara shirin Mercury don aika mutum sama. Amma akwai matsala guda. Irin wayar iskar da kumbo yake magana da ita ba ta bin lanƙwasar duniya, sai tasha tana hangen kumbo kai tsaye take iya jin sa, kuma cikin 'yan mintoci zai ɓace mata. Saboda haka dole aka jera tashoshi goma sha takwas, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa, suka yi wa duniya ɗamara. Kumbon da ya tashi daga Fulorida yakan ratsa tekun Atilantika, ya wuce tsibiran Kanari, ya shiga Afirka. Tsakanin Kanari da Zanzibar ana bukatar tasha ɗaya, Kano kuwa tana kan hanya, ga ta da babban filin jirgin sama wanda jiragen ƙasashen waje suka saba sauka. Aka kafa tashar a farkon shekarun mulkin kai, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Firimiyan Jihar Arewa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi.

Abin lura a nan shi ne, ko a wancan zamani ba ma'aikatan gwamnati ne suke ƙera kayan ba. Kamfanin Western Electric ne ya karɓi babbar kwangilar gina tashoshin, tare da wasu irin su Bendix da IBM. Kamfanin McDonnell ne ya ƙera kumbon da Glenn ya shiga, Convair kuma ya ƙera rokar da ta ɗaga shi. Haka kuma Syncom 2, tauraron da Shugaba Kennedy ya yi magana da Tafawa Ɓalewa ta kansa ranar 23 ga Agusta, 1963, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a tashar Ikko, aikin kamfanin Hughes ne. Hatta kumbon da ya sauke Neil Armstrong a duniyar wata a watan Yuli na 1969, kamfanin Grumman ne ya haɗa shi. Sai dai dukansu 'yan kwangila ne. Gwamnati ce take zana abin da take so, ta biya kuɗin aiki da riba a kai, in an gama kaya ya zama nata.

Tashar Zanzibar ta sha adawa tun farko, aka kuma rufe ta bayan juyin juya halin 1964. Ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini, wanda aka kammala a 1966. Daga nan bukatarta ta ƙare, domin shirin Apollo ya dogara ne ga manyan tashoshi da jirage da taurarin sadarwa. Idan aka ɗora ta a kan ma'aunin manomi, za a ga cewa Kano ta ba da aron wuri, sunanta ya shiga tarihi, amma babu wata cibiya ko makaranta ta wannan fanni da ta tsiro daga gurbinta. Sai a 1999 Nijeriya ta kafa tata hukumar sararin samaniya, shekaru fiye da talatin bayan tashin baƙin.

Mataki na biyu: kamfani a matsayin ɗan haya

Mutane da yawa suna zaton kamfanin roka mai zaman kansa sabon abu ne na wannan ƙarni. Alhali kuwa ɗaya daga cikin na farko ya yi gwaje-gwajensa ne a ƙasar Afirka. A 1975 wani injiniya Bajamushe, Lutz Kayser, ya kafa kamfanin OTRAG da kuɗin masu zuba jari. Dabararsa ita ce a ƙera ƙananan rokoki masu araha iri ɗaya, a ɗaure su dami guda kamar karan dawa, gwargwadon nauyin kayan da za a ɗaga. Da yake ba shi da wurin harbi a Jamus, sai ya ƙulla yarjejeniya da Shugaba Mobutu na Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango. Aka ba kamfanin hayar wani yanki a lardin Shaba mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100,000, watau wajen ninki biyar na Jihar Kano ta yanzu, tare da iko mai yawa a kan wurin.

An harba roka ta farko a watan Mayu na 1977. A watan Yuni na 1978 aka gayyaci Mobutu ya ga wani gwaji da idonsa, rokar ta karkace ta faɗi ƙasa. A halin nan kuma Tarayyar Sobiyat da wasu maƙwabtan Zayar suna ta ƙorafin cewa makamai masu linzami ake gwadawa a ɓoye. Matsin ya yi yawa, Mobutu ya soke yarjejeniyar a 1979. Kamfanin ya koma hamadar Libiya, ya yi gwaji a 1981, daga bisani ya durƙushe ba tare da ya taɓa kai tauraro ko ɗaya sama ba. Zayar ta ba da ƙasa mai yawan gaske, amma ba ta fito da masana'antar roka ko ƙungiyar injiniyoyi daga cinikin ba. Ga manomin Gezawa, wannan daidai yake da mutum ya ba da hayar gandun gidansu duka, ɗan haya ya tashi bai zuba ko mangala ɗaya ta taki ba.

Mataki na uku: kamfani a matsayin mai kaya

Babban canji ya zo ne a farkon ƙarni na 21. Jeff Bezos ya kafa Blue Origin a 2000, Elon Musk kuma ya kafa SpaceX a 2002. Rokar SpaceX ta farko, Falcon 1, ta faɗi sau uku a jere kafin ta yi nasara a watan Satumba na 2008. A ƙarshen wannan shekara NASA ta ba kamfanin kwangilar dala miliyan 1,600 don kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Sabon tsarin ya bambanta da na dā: gwamnati tana biyan kuɗin dako ne a kan tsayayyen farashi, roka kuwa ta kamfani ce, kamar yadda ɗan kasuwar Dawanau yake ɗaukar shatar babbar mota ba tare da ya mallake ta ba. Tun da asara da riba duk na kamfani ne, sai ya dage wajen rage tsada. A watan Disamba na 2015 SpaceX ya dawo da gindin roka ƙasa a tsaye don a sake amfani da shi, a maimakon a bar shi ya faɗa teku. A watan Mayu na 2020 ya kai 'yan sama jannati biyu tashar sama a cikin kumbonsa.

Daga nan aka fuskanci wata. A 2021 NASA ta zaɓi SpaceX ya ƙera kumbon da zai sauke mutane a can, kan kuɗi kusan dala miliyan 2,900, a 2023 kuma ta ba Blue Origin irin wannan aiki kan dala miliyan 3,400. Ƙananan kamfanoni su ma sun shiga da kumbuna marasa mutane. Sauka a wata abu ne mai wuya, domin babu iskar da lema za ta kama, dole kumbo ya rage gudu da wutar injinsa kaɗai, ya kuma zaɓi wurin sauka da kansa. Kumbon wata ƙungiya ta Isra'ila ya tarwatse a 2019, na kamfanin ispace na Japan ya faɗi a 2023 da kuma 2025, na Astrobotic bai ma isa ba a farkon 2024. Ranar 22 ga Fabrairu, 2024, kumbon kamfanin Intuitive Machines ya sauka amma ya kishingiɗa. Sai ranar 2 ga Maris, 2025, kumbon Blue Ghost na kamfanin Firefly ya sauka daram a kan ƙafafunsa, ya yi aikin mako biyu.

Rabon Nijeriya a wannan mataki

A nan ciniki iri biyu Nijeriya ta yi, kuma ya kamata a kwatanta su. Tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda aka saya ƙerarre daga ƙasar Sin aka harba a 2007, ya daina aiki a watan Nuwamba na 2008, sai da aka jira har ƙarshen 2011 kafin masu ƙira su kawo madadinsa. Cinikin da aka yi da kamfanin Surrey na Ingila kuwa ya haɗa da horar da injiniyoyi. Kamfanin ya ƙera NigeriaSat-1, aka harba shi daga Rasha a watan Satumba na 2003, sa'an nan injiniyoyin Nijeriya da suka sami horo a wurin suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, aka harba shi a watan Agusta na 2011. A 2017 wani ɗan ƙaramin tauraro da Jami'ar Fasaha ta Akure ta yi hannu a ƙirarsa ya tashi a cikin rokar SpaceX. Wannan shi ne taki na farko da ya zauna a gona. A ɗaya gefen kuma, tun daga watan Janairu na 2023 kamfanin SpaceX ya fara sayar da intanet na Starlink a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka, inda matsayin ɗan ƙasa bai wuce na mai biyan kuɗin wata-wata ba.

Akwai kuma batun iyaka. Yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa ta ce wata mallakarta ne, ta kuma ɗora wa gwamnatoci alhakin abin da kamfanoninsu suka aikata a sama. Amma a 2015 Amurka ta yi doka wadda ta ba kamfanoninta ikon mallakar abin da suka haƙo a can. Ɗalibin tarihin ƙasar nan ya san irin wannan labari. Kamfanin Neja ya sami takardar izni daga Ingila a 1886, ya yi ciniki, ya ƙulla yarjejeniyoyi, a 1900 gwamnati ta karɓi ragama daga hannunsa, a 1903 kuma sojojinta suka shiga Kano. Nijeriya da Ruwanda sun sa hannu a yarjejeniyar Artemis a watan Disamba na 2022, su ne na farko a Afirka. Sa hannu ya ba da wurin zama a zauren shawara, amma nauyin maganar mutum a zaure gwargwadon abin da ya sani ne.

Kammalawa

Cikin shekaru sittin kamfani ya tashi daga ɗan kwangila, ya zama ɗan haya, ya koma mai kaya. A duk matakan nan an nemi wani abu daga Afirka: wuri, ko izni, ko kasuwa. Za a kuma ci gaba da nema, domin ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya sun dace da harba roka, kuma jama'arsu kasuwa ce babba. Ma'aikacin gwamnati da takardar irin wannan ciniki za ta biyo ta teburinsa yana da tambayoyin da suka wajaba ya yi: 'yan ƙasa nawa za a horar, a wace jami'a za a ajiye na'urorin, wa zai mallaki bayanan da aka tara, me za a bari ranar da yarjejeniya ta ƙare. Ɗalibi kuma ya sani cewa hoton tauraro da zai nuna wa manomin Kunci ko na Makoɗa yaushe damina za ta kankama ba zai yi amfani ba sai da wanda ya iya karanta shi a gida. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Manoman da Glenn ya wuce ta samansu a 1962 sun riƙe gonakinsu da rai ɗaruruwan shekaru ne saboda ba sa barin baƙo ya tashi bai bar taki ba.