Bunƙasa Kalmomin Ingilishi na Ilimi ga Ɗaliban Babbar Sakandare a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba irin kalmomin Ingilishi da ɗalibin babbar sakandare yake buƙata domin ya fahimci littattafansa da takardun jarrabawa. An bi hanyar nazarin ayyukan magabata a fagen koyon harshe na biyu, aka gwada su da yanayin aji a Arewacin Nijeriya. Maƙalar ta gano cewa giɓin da ɗalibi yake da shi ya fi yawa a rukunin kalmomin ilimi da ke ratsa kowane darasi, kuma ilimin ƙirar kalma da ɗalibi yake da shi a Hausa zai iya zama tsanin kaiwa gare su.

1.0 Gabatarwa

A 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsara a fara koyar da yaro da harshen gida, daga baya Ingilishi ya karɓi ragama. Kafin ɗalibi ya kai aji huɗu na sakandare, da Ingilishi yake karanta kimiyya da tarihi da tattalin arziki, da shi kuma zai amsa tambayoyin WAEC da NECO. A jarrabawar JAMB ma darasin Ingilishi wajibi ne, tambaya 60 daga cikin 180. Cummins ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu yakan ci shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa ake samun ɗalibin da bakinsa ya faɗa da Turanci a filin wasa, amma ya zauna gaban tambayar taƙaita labari ya rasa inda zai kama.

2.0 Kalmomi nawa ne suka isa?

Laufer (1989) ta ce mai karatu yana buƙatar sanin kashi 95 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya fahimce shi daidai gwargwado. Hu da Nation (2000) sun ɗaga ma'aunin zuwa kashi 98 ga wanda zai karanta ba tare da taimako ba. Tazarar ba ƙarama ba ce. A shafi mai kalma 300, ma'aunin farko yana nufin baƙin kalmomi 15, na biyu kuwa 6 kacal. Nation (2006) ya ƙiyasta cewa kaiwa kashi 98 a rubutaccen Ingilishi na buƙatar gidan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Abin nufi da gidan kalma shi ne tushe da duk rassan da suka tsiro daga gare shi.

Babu malamin da zai koyar da wannan adadi ɗaya bayan ɗaya cikin shekara 3. Dole a yi zaɓi, kuma a wajen zaɓin ne aka fi yin kuskure.

3.0 Waɗanne ne manyan kalmomi?

A makarantunmu akan ɗauka cewa babbar kalma ita ce doguwa mai wuyar furtawa, wadda za a jefa a muhawara a samu tafi. Ɗalibai kan haddace irin waɗannan daga ƙamus su cusa su cikin insha'i ko sun dace ko ba su dace ba. Wannan Turancin burga ne, kuma mai gyaran takarda ba ya biyan sa da maki.

Beck da McKeown da Kucan (2002) sun kasa kalmomi mataki uku: na yau da kullum, da na ilimi waɗanda ke yawo a fannoni daban-daban, da keɓaɓɓu na fanni guda. Na farko ɗalibi yana tsintar su a hanya. Na uku malamin darasi yana bayaninsu, domin malamin nazarin halittu ba zai wuce photosynthesis bai tsaya ba. Na tsakiyar ne marayu. Malamin kimiyya yana zaton na Ingilishi ya koyar da su, shi kuma yana can yana fama da nahawu. Kalmomi ne irin su assume, derive, indicate, factor da significant, kuma da su ake gina tambayar jarrabawa kanta.

Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta tattara su a 2000. Ta binciki matanin ilimi mai kalma miliyan 3.5 daga fannonin fasaha da kasuwanci da shari'a da kimiyya, ta fitar da gidaje 570 waɗanda ba sa cikin kalmomi 2,000 na jerin Michael West na 1953. Waɗannan gidaje su ne kimanin kashi 10 na matanin nata. Hyland da Tse (2007) sun soki jerin da cewa kalma ɗaya kan sauya ma'ana daga fanni zuwa fanni, kuma sukar tana da tushe, ga shi kuma daga littattafan jami'a aka tsamo shi. Duk da haka, a ganin mai wannan nazari, bai wa malami jeri mai iyaka ya fi a bar shi yana lalube.

4.0 Ƙirar kalma da matsayin Hausa

Fiye da kashi 80 na kalmomin jerin Coxhead asalinsu Latin ne ko Girkanci, wato an gina su da saiwa da ɗafi. Wanda ya gane cewa saiwar port tana ɗauke da ma'anar ɗauka, kuma ex- fita ce, im- shiga ce, trans- ƙetarewa, ya buɗe export da import da transport da mabuɗi guda.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe. Tun yana ƙarami ya san yadda ɗafin ma- ke fitar da manomi daga noma, maɗinki daga ɗinki, marini da marina daga rini. Wanda ya taɓa karatun Sarfu a Islamiyya ya ga yadda saiwa mai baƙi uku ke haifar da kalmomi masu yawa. Malamin da ya fara darasi da waɗannan misalai, sannan ya kawo analyse, analysis, analyst da analytical, ya ɗora sabon sani a kan wanda ya riga ya zauna. Abin takaici, makarantu da dama suna cin tarar ɗalibin da aka ji yana Hausa, da sunan hana yaren gida. Laufer da Shmueli (1997) kuwa sun gano cewa kalmomin da aka fassara wa ɗalibai da harshensu sun fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da waɗanda aka bayyana da Ingilishi. Kayan aikin ma akwai: ƙamus na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, duka daga Ingilishi zuwa Hausa.

Fassara dai ƙofa ce kawai. Sanin kalma ya haɗa da sanin abokan tafiyarta. Ɗalibin da ya san ma'anar conclusion amma bai san cewa draw ko reach ake haɗa ta da su ba, zai gane ta a karatu, ya kasa sarrafa ta a rubutu.

5.0 Maimaici da karatu

Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bita mai tazara tana rage ta. Webb (2007) ya ga ci gaba mai yawa bayan ɗalibi ya haɗu da kalma sau 10 cikin jimloli mabambanta. Rubuta kalma 20 a allo ranar Litinin, a gwada su ranar Juma'a, a bar su har abada, ya saɓa wa duk wannan. Haɗuwa da yawa sai da karatu mai yawa, na jarida da ƙagaggun labarai daidai ƙarfin ɗalibi, abin da ke da wuya a makarantar da ɗakin karatunta a kulle yake.

6.0 Shawarwari

Babbar sakandare tana da zango 9, amma jarrabawar fita tana cinye na ƙarshe. Idan aka raba gidaje 570 a kan zango 8, kowanne ya sami kimanin 71, wato 7 a mako idan zango na da makonnin koyarwa 10. Wannan bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Ana kira ga shugabannin makarantu su raba jerin mako ga dukkan malamai, na lissafi da na tarihi da na aikin gona, kowa ya yi amfani da kalmomin a darasinsa. Hukumar NERDC da sassan Ingilishi da na Hausa a kwalejojin ilimi kuma su haɗa hannu su fitar da jerin da aka tsamo daga littattafan sakandare na Nijeriya, tare da ma'anoni da misalai cikin Hausa.