Burodin da ake ɓoye zobe a cikinsa

Daren da maƙwabciyata ta fara koya mini barmbrack a ɗakin girkinta da ke Galway, ko fulawa ba ta taɓa ba. Zabibi ta zuba a kwano, baƙi da mai launin zuma, ta kwarara masa baƙin shayi mai ƙarfi, ta kife faranti a kai, ta ce sai gobe. Da gari ya waye zabibin ya sha ya ƙoshi, ya yi ɓul-ɓul. Wasu gidajen kan ƙara wiski, amma saboda ni ta bar shi.

A harshen Ayalan sunansa bairín breac, wato burodi mai ɗige-ɗige. Da yis ake yin na asali. Wannan na shayi da hodar tashi ya zo daga baya, bayan sodar burodi ta shiga gidajen karkara a ƙarni na 19. Kakarta, in ji ta, a tukunyar ƙarfe take gasa nata. Sai ta rataye ta bisa wutar baƙar ƙasar fadama da ake yanka a shanya, ta tara garwashi a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa.

Ranar 31 ga Oktoba ce ranarsa, daren Samhain, lokacin da kaka ta ƙare, sanyi ya kunno kai. A cikin ƙullun ake cusa zobe, da kwabo, da ƙwayar wake, da ɗan tsinke, da tsumma. Mai zobe zai yi aure kafin shekara ta zagayo, mai wake sai wata shekarar. Kwabo arziki ne, tsinke rigimar gidan aure, tsumma kuwa talauci. James Joyce ma ya kawo burodin da zobensa a littafinsa Dubliners na 1914.

Ni tsumman ne ya tsaya mini a rai. Mutanen Ayalan da yunwa ta ci musu kimanin rai miliyan ɗaya daga 1845, lokacin da dankali ya ruɓe a gona, sun san talauci ido da ido. Akwai gidajen da a daren sabuwar shekara ake buga burodi a jikin ƙofa don a kori yunwa. Barmbrack na kanti a yau zobe kaɗai ake sa masa, kuma ina ganin an rage wa al'adar gaskiyarta.

Maƙwabciyata har yanzu tana sa nata tsumman, ɗan ƙyallen lilin da ta tafasa ta naɗe a takarda. Da burodin ya huce ta yanka da kauri, ta lafta man shanu mai gishiri, ta miƙo mini.

"Ci a hankali, 'yata," ta ce, "kada ki haɗiye zoben."