Madugu uban tafiya: yadda fataken Gwanja suka gudanar da babban aiki ba tare da takardar shaida ba

A shekarar 1826 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya ci karo da wani ayarin Hausawa a garin Kaiama na ƙasar Borgu, suna dawowa daga Gwanja da goro. Ya ƙiyasta cewa mutanen ayarin, maza da mata, sun haura 1,000, dabbobin kayansu ma sun kai kamar haka. Mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin wannan taro, wato madugu. A wuyansa cinsu da shansu da tsaronsu suke, haka ma dukiyar attajiran da suka zauna a gida suna jiran sakamako, a kan hanyar da ta zarce kilomita 1,000 tsakanin Kano da Salaga.

Abin da madugu yake yi shi ne abin da a yau ake koyarwa a jami'o'i da sunan ilimin gudanar da aiki: a ɗauki wani aiki mai farko da ƙarshe, da kuɗi ƙayyadaddu da lokaci ƙayyadadde, a kai shi gaci. Ilimin a matsayin fanni ɗan jiya ne. Jadawalin Henry Gantt ya fito ne a shekarun 1910, dabarun lissafin matakan aiki da kamfanin DuPont da rundunar sojan ruwan Amurka suka ɓullo da su na ƙarshen shekarun 1950 ne, babbar cibiyar masu wannan sana'a kuwa sai a 1969 aka kafa ta a Amurka. Fataken goro sun riga su da ƙarnoni. Da yake yawancinmu, likita ne ko malamin makaranta ko ma'aikacin banki, wata rana sai an ɗora mana shugabancin kwamitin gina masallaci ko haƙa rijiyar burtsatse ba tare da an taɓa koya mana ba, ya kamata mu duba yadda su suka yi.

Lokaci da shiri

Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa. A dazuzzukan Asante yake, a Ghana ta yau, kuma a ƙarni na 19 kasuwar Salaga ce mahaɗar masu kawo shi daga kudu da masu sayensa daga arewa. Manyan masu wannan fatauci su ne Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa, waɗanda biyun ƙarshe suka yi kaka-gida a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katsina da Kano. Suna ɗaukar kanwa da tufafin saƙi da rinannu da kayan fata da busasshiyar albasa da dabbobi, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi kafin su sauka Salaga.

Yanayi ne ke yanke wa madugu wa'adi. Ayari na tashi da rani, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da koguna suka ja baya, hanya ta bushe. Tafiyar watanni ce zuwa, watanni dawowa, kuma wanda ya yi jinkirin tashi damina za ta tare shi a hanya da jakuna ɗauke da kayan da ba sa jira. Saboda haka daga ranar dawowa ake fara lissafi, a komo baya: in ana son isowa gida a wata kaza, sai a bar Salaga a wata kaza, sai a tashi daga gida a wata kaza, sai a gama sayen jakuna da ɗinkin mangala kafin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin rufe ginin makaranta kafin saukar ruwan farko a watan Mayu ko Yuni, wannan lissafin ne a gabansa: ranar buga kwano ita ke faɗa masa ranar da ya kamata a gama buga bulo.

Kowa da aikinsa

Madugu bai riƙe komai shi kaɗai ba. Akwai jagaba, wanda ke gaban ayari, ya san hanya da mashaya da wurin da za a yada zango. Akwai uban dawaki, wanda ke tattara kuɗin da za a biya a hanya. Akwai malamin ayari, mai rubutu da addu'a da limanci. Akwai makaɗi, wanda gangarsa ke sanar da tashi da sauka. Madugu kansa a baya yake tafiya, inda zai ga wanda ya gaji da jakin da ya gurgunce da kayan da suka zube.

Hikimar wannan tsari ita ce kowane aiki yana da sunan mutum ɗaya a kansa. In aka ɓace hanya an san wanda za a tambaya, in kuɗin fito bai cika ba an san wanda za a tambaya. A kwamitocinmu kuwa sau da yawa akan tashi daga taro da cewa "za a nemo mai walda", ba a ce wane ne zai nemo ba, ba a ce yaushe ba, sai taro na gaba a tarar kowa yana zaton wani ya yi. Tsayuwar madugu a baya ma darasi ce. Ayari ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa nauyin ƙafa, haka aiki ba ya wuce saurin matakin da ya fi jan lokaci, don haka can ne idon shugaba ya kamata ya fi zama.

Kuɗin hanya da masu hanya

Tsakanin Kano da Salaga akwai masarautu da dama, kowace da haƙƙinta: kuɗin fito a bakin kogi, kuɗin shiga gari, gaisuwar sarki. Madugu ne ke zama a yi ciniki a madadin kowa, sannan a raba kuɗin a kan fatake gwargwadon kayan kowannensu. Ƙimar madugu tana ga sanin waɗannan mutane tun kafin ya buƙace su: wane sarki ne ke karɓar kaɗan ya ba da 'yan rakiya, wane yanki ne na Borgu 'yan fashi suka addaba a bana, wane fatoma ne a zango za a amince masa da ajiya da dillanci. Taruwa cikin babban ayari ma maganin hatsari ne, domin maharan da za su afka wa mutum goma sai sun yi tunani kafin su tunkari dubu.

Duk aikin da za a yi a yau yana da nasa masu hanyar: mai unguwa da dagaci, ofishin filaye, maƙwabcin da bututu zai bi ta ƙofar gidansa, masu ba da gudummawar da ke son ganin lissafi. Wanda bai gaishe su tun farko ba zai gaishe su a tsakiyar aiki, da tsada.

Hanya kuma takan canza a ƙarƙashin ƙafar mai tafiya. A 1874 sojojin Birtaniya suka ci Kumasi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya daina isa can kamar da, kasuwa ta koma Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya wargaza Salaga ɗin kanta. Fataken da suka rayu su ne waɗanda suka gane cewa goro suke nema, Salaga wuri ne kawai. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji cikin zuriyar Agalawa, yana daga waɗanda suka koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas, kuma bayan layin dogo ya iso Kano a 1911 ya juya ga gyaɗa har ya zama attajirin da babu kamarsa a zamaninsa.

Ina ne ƙarshen aiki?

Goro ɗanye ne. A cikin huhu ake naɗe shi da ganye, kuma a duk tsawon hanya sai an riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya lalata sauran. Falken da ya isa Salaga ya sayi goro mai kyau bai yi komai ba tukuna. Aikinsa yana cika ne ran da goron ya shiga kasuwar Kurmi da lafiyarsa, aka sayar, aka biya masu jari.

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi sun san abin da ke faruwa idan aka rikita isa Salaga da dawowa gida. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da niyyar shayar da birnin Katsina da garuruwan kewaye da kuma noman rani a fili mai faɗin kusan hekta 8,000. Bangon ya tsaya, ruwa ya taru. Amma matatar ruwa da bututu da magudanan da za su kai shi gonaki sun yi ta jiran gwamnati bayan gwamnati, sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan shan, shekara 38 bayan gama madatsar. Injiniyoyi masu digiri ne suka gina Zobe, kuma ginin bai gaza ba. Abin da ya rasa shi ne madugun da zai bi kayan har kasuwa, wanda gwamnati za ta canza shi yana nan, wanda a wurinsa aiki bai ƙare ba sai famfo ya zubo.

Wannan kuskure yana faruwa a ƙananan ayyuka kullum: asibitin da ƙungiyar ci gaban gari ta gina babu albashin ma'aikacin jinya, rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana da ba a ware mata kuɗin gyara ba. Kafin a sayi buhun siminti na farko, ya kamata kwamiti ya rubuta a jimla ɗaya abin da za a gani da ido ran da aka ce an gama, ya sa rana, ya sa sunan mutum a gaban kowane mataki, ya ware wani kaso na kuɗi don abin da ba a zata ba, ya kuma sa ranar da za a riƙa kwance huhu a duba, ko da sau ɗaya a mako. Fataken Gwanja ba su bar mana littafin koyarwa ba. A bayan wani madugun suka koya, shekara bayan shekara, har suka san inda jaki yake faɗuwa. Wanda aka ɗora wa aiki a yau ba shi da waɗannan shekarun, amma yana da takarda da biro da waya, yana kuma da dattawan garinsu da suka taɓa gina wani abu suka gama, waɗanda zai iya zama da su kafin ya ɗaura kaya.