Kyanwar Van: Suna a Ingila, Asali a Turkiyya

Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Agege, mai zuwa Istanbul saro kaya, ya nuna mini hoton wata kyanwa fara fat, mai dogon gashi kamar auduga, idonta ɗaya shuɗi, ɗayan ruwan zuma. Na ce masa wannan ai aikin kwamfuta ne. Ya rantse cewa da idonsa ya gan ta, kuma sunanta kyanwar Van. Da na bi diddigi sai na tarar da tarihin da ya dace in kawo muku.

Van gari ne a gabashin Turkiyya, kusa da iyakar Iran, a bakin tafki mafi girma a ƙasar. Tafkin na kan tudu, sama da mita 1,600 daga doron teku, ruwansa kuma na kanwa ne. Garin tsoho ne ƙwarai, domin a nan daular Urartu ta kafa babban birninta, Tushpa, tun ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sanyin wurin ba wasa ba ne, ƙanƙara na rufe ƙasa wata da watanni. Shi ya sa gashin kyanwar ke yin kauri da hunturu, idan zafi ya zo kuma ta kakkaɓe mafi yawansa, sai dai wutsiyar ta ci gaba da zama buzu-buzu.

Mutanen Van fara zalla kawai suke kira tasu, kuma sun fi daraja mai ido kala biyu. Armeniyawa, waɗanda suka rayu a garin ƙarnoni da dama kafin kisa da korar da aka yi musu a 1915, suna cewa tasu ce. Kurdawa, da su ne mafi yawa a yankin yau, su ma suna cewa tasu ce. Turkawa kuwa sun ɗauke ta dukiyar ƙasa. Ita dai ba ruwanta, ɓera take nema.

To, mai karatu, ga inda labarin ya karkata. A 1955 wasu mata biyu 'yan Ingila, Laura Lushington da Sonia Halliday, suka zagaya Turkiyya suna ɗaukar hotuna, aka ba su kyautar 'yan kyanwoyi biyu, suka tafi da su gida. A hanya suka ga abin mamaki: idan an tsaya a bakin ruwa, sai su faɗa ciki suna iyo. Daga nan aka yi musu laƙabi da kyanwa mai iyo. Lushington ta shiga kiwonsu, ta ƙara kawo wasu, har hukumar rajistar kyanwoyi ta Birtaniya ta amince da su a matsayin iri mai zaman kansa a 1969. Daga baya aka raɗa wa irin suna Turkish Van, ya bazu har Amurka.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Waɗancan biyun na farko ba daga Van suka fito ba: macen daga Iskenderun take, can kudu, muzurun kuma daga Istanbul. Kuma ba farare zalla ba ne, suna da ja-ja a ka da wutsiya. Ke nan wadda duniya ta sani da sunan Van, idan ka kai ta Van, mutanen garin ba za su karɓe ta a matsayin tasu ba.

Yayin da sunan ke tashe a Turai, ta gida raguwa take yi. Gidaje masu tsakar gida da lambu suka koma benaye, ta gauraya da sauran kyanwoyin titi, masu neman kuɗi kuma suna kwashe masu kyan. Ga wata matsala ta halitta: farar kyanwa mai shuɗin ido ta fi saura yawan fitowa kurma. A 1992 jami'ar Yüzüncü Yıl da ke Van ta buɗe cibiya ta musamman domin bincike da kiwon wannan iri, inda ake rubuta asalin kowace, ana kula da lafiyarta. A garin kuma an kafa ƙaton gunkin farar kyanwa da 'yarta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya fara rubutawa shi ya mallaki sunan. Mutanen Van sun yi ƙarnoni da kyanwarsu ba su yi mata takarda ba, baƙi suka zo suka yi rajista cikin shekara 14. Mu da 'ya'yanmu ke tashi a Legas da Ibadan da Fatakwal, ya kamata mu tambayi kanmu: wa ke rubuta namu? Allah Ya sa mu dace, amin.