Daga Tashe Zuwa TikTok: Wa Ke Ba Mai Barkwanci Izini?

Gajeren wasan barkwanci ya daɗe a ƙasar Hausa kafin a ƙera wayar salula. Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan fito tashe gida-gida, su kwaikwayi malami ko dattijo cikin 'yan mintuna, a ba su hatsi ko kuɗi. A Kano, Nalako kan zaga gari yana tsokanar gwauraye. 'Yan kama kuwa sukan ɗauki salon karatun malamai su mayar da shi zancen tuwo da miya. Duk waɗannan suna da izinin da jama'a suka ba su, kuma kowa ya san lokacinsa da iyakarsa.

Kamara ce ta fara sauya lamarin. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma daga baya marigayi Rabilu Musa Ibro ya shigar da barkwancin kasuwa cikin kaset. A 2001 wayar GSM ta shigo Najeriya, a shekarar ce kuma Kano ta kafa hukumar tace finafinai. Ba a jima ba muka fara tura wa juna guntayen bidiyo ta Bluetooth, inda hannun hukumar ba ya kaiwa.

Vine, wadda ta fito a 2013, ta taƙaita bidiyo zuwa daƙiƙa shida. TikTok ta haɗe da Musical.ly a 2018, Instagram ta biyo da Reels a 2020. Yau a GRA ta Katsina, unguwar da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatansu a wajen ganuwa, za mu ga matasa sun kafa waya a bakin wani ƙaton get suna ɗaukar wasa, saboda titunan ba hayaniya.

Mu da muke rubuta manhaja mun san abin da ke bayan allon. Na'ura tana auna daƙiƙa nawa mutum ya tsaya a kan bidiyo, ko ya sake kallo, ko ya tura wa wani, sai ta ƙara yaɗa wanda ya fi riƙe ido. Ba ta san watan azumi ba, ba ta san suruki ba. Sau da yawa zagi da fallasa sun fi nasiha riƙe ido, don haka su take sakawa gaba.

Da izinin jama'a ya ɓace, sai kotu ta shigo. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tarar naira 10,000 kowanne, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. A 2024 taƙaddama kan kamen 'yan TikTok ta kai Sheikh Aminu Daurawa ga ajiye shugabancin Hisbah ta Kano, kafin a sasanta ya koma.

Kakanninmu sun ware wa barkwanci fili inda talaka zai tsokani babba ya kwana a gidansa lafiya, sun kuma hana shi taɓa mutuncin maƙwabci. Muddin malamai da masu mulki da masu wasan ba su zauna sun shata wannan fili a intanet ba, na'ura da alƙali ne za su ci gaba da shata mana shi.