Karatun Jami'a a Ajin Sakandare: Tarihin Wani Shiri a Amurka

Tambayar da za mu duba a wannan lacca ita ce: idan yaro ya ƙware a darasin jami'a tun yana sakandare, wane ne ke da ikon shaidar ƙwarewar tasa, kuma me zai sa jami'a ta yarda da shaidar?

A Amurka digirin farko shekara huɗu ne, kuma ana tara shi ne kwas bayan kwas. Saboda haka duk kwas ɗin da aka ɗauke wa ɗalibi ragin lokaci ne, ragin kuɗi ne kuma.

Maganar ta taso ne bayan ɓarkewar yaƙin Koriya a 1950, lokacin da ake ɗiban samari aikin soja. A 1951 wani asusu da Gidauniyar Ford ta kafa ya fara biyan kuɗin karatun yara masu hazaƙa, 'yan wajen shekara 16, domin su shiga jami'a kafin su gama sakandare. Shugabannin makarantu ba su ji daɗin haka ba, don kuwa zaratan ɗalibansu ake kwashewa. Sai aka juya tunani, watau maimakon a kai yaro jami'a, a kawo masa darasin jami'a ajinsa.

A 1952 makarantun Andover da Exeter da Lawrenceville, tare da jami'o'in Harvard da Princeton da Yale, suka fitar da rahoto mai nuna cewa ɗalibai da yawa suna maimaita abin da suka riga suka koya ne a shekararsu ta farko a jami'a. A daidai lokacin Gordon Chalmers, shugaban Kwalejin Kenyon a jihar Ohio, ya haɗa kan kwalejoji 12 suka tsara manhajar darussan da za su amince da su. Aka yi jarrabawar gwaji a 1954. A 1955 ƙungiyar College Board ta karɓi shirin, wanda ake kira Advanced Placement, a taƙaice AP. A 1956 ɗalibai 1,229 daga makarantu 104 suka zauna jarrabawar.

A lura da yadda aka raba aikin. Malamin sakandare ke koyarwa, wata hukuma daban ke shirya jarrabawa da ba da maki daga 1 zuwa 5, sa'an nan kowace jami'a ta yanke wa kanta makin da za ta karɓa. Ashe ke nan shirin duka a kan amana ya tsaya. Da fari amanar ba ta yi wuya ba, domin akasarin makarantun na 'ya'yan masu hali ne, jami'o'in kuma sun san su.

An gwada wannan amana a 1982. A makarantar Garfield, cikin unguwar talakawa 'yan asalin Meziko a gabashin Los Angeles, ɗalibai 18 na Jaime Escalante, malami ɗan ƙasar Bolibiya, suka ci jarrabawar lissafi mai zurfi. Hukumar jarrabawa ta yi shakkar sakamakon 14 daga cikinsu. Goma sha biyu suka sake zama, dukansu suka sake ci. Wannan al'amari ya ƙarfafa masu cewa hazaƙa ba gadon wani gida ba ce.

Daga nan ƙofa ta ƙara buɗewa. A 1985 jihar Minnesota ta yi doka wadda ta ba ɗaliban shekaru biyun ƙarshe na sakandare damar ɗaukar kwas a kwaleji da kuɗin gwamnati. AP kuwa ya bunƙasa har masu zama jarrabawarsa suka haura miliyan biyu da rabi a 2019. Amma yawa ya jawo shakka. A 2013 Kwalejin Dartmouth ta sanar cewa za ta daina lissafa sakamakon AP cikin kwasa-kwasan da ake bukata don samun digirinta.

Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan ciniki. Tsohuwar takardar HSC, da jarrabawar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, duk hanyoyi ne na shiga shekara ta biyu ta jami'a kai tsaye, bisa karatun da aka yi kafin a shigo.

Darasin tarihin nan a fili yake. Idan jami'a ta ƙi yarda da ilmin da aka samu a wajenta, ta ɓata wa mai hazaƙa shekara, talaka kuma ya fi kowa jin asarar. Idan ta karɓi kowace takarda ba bincike, ta zubar da darajar digirinta. Aikin masu tsara ilmi shi ne su tanadi malamai da jarrabawa waɗanda jami'a za ta amince da su ba tare da ta tambayi ɗan wane ne ɗalibin ba.