Adana Bayanan Kayan Tarihi da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Ƙasar Gwandu da Kalgo

Gadon da Muke da Shi

Garin Gwandu shi ne mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka danƙa wa riƙon yammacin Daular Usmaniyya a shekarar 1812, kuma a nan hubbarensa yake. Ya bar littattafai masu yawa, kamar Liya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati. Tun daga wancan zamani gidajen malamai da na sarauta a wannan ƙasa suke riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajamin Hausa da Fulatanci, da wasiƙu, da takubba, da sauran kayan gado.

A shekarar 1853, a zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sami kwafin Tarihus Sudan a Gwandu, wato littafin tarihin Songhai da Tambutu. Ya kwafi wasu sassansa, amma ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi. Daga baya aka tabbatar cewa na Abdurrahman as-Sa'adi ne. Wannan ya nuna mana cewa mallakar abu ba ta wadatar ba, sai an haɗa da rubuta cikakken bayaninsa.

Haɗarin da Ake Fuskanta

Littattafanmu na da warwatsattun ganye ne da ake ajiyewa a cikin gafaka. Gara da ɗigar ruwa da gobara da ambaliya suna cin su, kuma a wajen rabon gado littafi ɗaya yakan rabu gida biyu ko uku. A watan Janairu na 2013 an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. Haka kuma tun a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sanya mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ɓarayi suka fi farauta. Abin da aka sace ba shi da hoto ba shi da rajista, da wuya mai shi ya kafa hujja a gaban hukuma.

Abin da Ake Rubutawa

Akwai ƙa'idar duniya mai suna Object ID, wadda aka ƙaddamar a shekarar 1997. Bisa tsarinta, kowane abu ana ɗaukar hotonsa, a rubuta irinsa, da abin da aka yi shi da shi, da tsawonsa da faɗinsa, da rubutu ko alamar da ke jikinsa, da tabo ko gyaran da ya bambanta shi da waninsa, da zamaninsa, da wanda ya yi shi. Idan littafi ne, sai a ƙara sunan mawallafi, da na wanda ya kwafa, da harshe, da yawan ganye, da tambarin da ake gani a cikin takarda idan an ɗaga ta ga haske, irin su tambarin wata uku na takardun da aka riƙa kawowa daga Italiya. Kalmar da magabata ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ita ke taimakawa wajen jera ganyen da suka cakuɗe.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Wayar hannu mai kyakkyawar kyamara da kwamfuta guda sun isa a fara. Ana ɗaukar hoto a inuwa mai haske, a ajiye ma'auni a gefen abin. Kowane abu a ba shi lamba tasa, wadda za a sanya wa hotunansa da bayaninsa. Kada a yi rubutu da biro a jikin littafi, kada a liƙe yagewa da salatif, kada kuma a rufe ganye da leda a na'ura, domin zafi da gam suna lalata tawada. Bayan an gama, a ajiye kwafin bayanan a wurare daban-daban, ɗaya daga ciki a buge a takarda, domin ita ma kwamfuta tana lalacewa.

Ya kamata a sani cewa ɗaukar hoto ba ya raba mai abu da abinsa. Littafin yana nan a hannun iyalinsa, ba a ɗaukar hoto sai da izininsu, kuma bai dace a bayyana gidan da yake ajiye a intanet ba.

Inda Za a Nemi Shawara

Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda aka gina a matsayin fada a 1831 aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, shi ne fitacce a Jihar Kebbi. Akwai kuma Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda mazauninta na dindindin yake a Kalgo. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da hurumin ba da izinin fitar da kayan tarihi daga Nijeriya, kuma fitar da su ba da izininta ba laifi ne.

Muna kira ga hakimai da dagatai da limamai da jami'an ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo da su ƙarfafa wa iyalai gwiwa su rubuta abin da ke hannunsu tun dattawan da suka san asalinsa suna raye.